Daga Sakkwato zuwa katin nutso na mita 45: yadda na bi matakan, da abin da katin ba ya yi

Tun da labari ya bazu cewa na yi horon nutso da tukunyar iska, tambayoyin da ake yi mini ba sa wuce uku: ina ake koya, nawa ake kashewa, kuma wanda ya samu katin zai iya neman aiki a kamfanonin mai ko ya shiga aikin ceto idan kwale-kwale ya kife? Na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun daga nan Sakkwato har ranar da aka ba ni katin mita 45, domin lokacin da nake nema ban samu wanda zai jera mini matakan da Hausa ba. Amsar tambaya ta ukun kuma ba ita ce mutane suke tsammani ba.

Sana'ata shigo da kayan gyaran injinan ban-ruwa, kuma harkar takan kai ni Alƙahira lokaci zuwa lokaci. Ba don haka ba da ban iya ba, domin wannan karatu ba na tafiya ɗaya ba ne. Iyo kuwa tun muna yara muka koya a gulbin Rima. Abin da ya fara sa mini tunanin shi ne, kusan kowace damina sai an ji kwale-kwale ya kife da mutane a yankinmu, kuma masunta ne suke kurme da numfashinsu kaɗai suna laluben waɗanda suka nutse.

Ruɗanin farko da na ci karo da shi na sunaye ne. Ba gwamnati ce ke ba da waɗannan katuna ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, irin su PADI da SSI da TDI da IANTD da GUE, kowacce da sunayen kwasa-kwasanta, amma tsanin kusan ɗaya ne, kuma galibi suna karɓar katin juna. Katin farko yana ba ka damar sauka mita 18, na biyu mita 30, sai ƙarin horon zurfi ya kai ka mita 40, kuma nan ne iyakar nutson shaƙatawa. Abin da ke gaba da wannan shi ne nutson fasaha, wanda masu harkar suke kira tek. Bambancin ba a zurfi kaɗai yake ba. A nutson shaƙatawa, duk lokacin da wata matsala ta taso kana iya tasowa a hankali har saman ruwa. A tek kuwa ka riga ka daɗe a ƙasa har jini da tsokar jikinka sun sha iskar naitrojin mai yawa, idan ka taso kai tsaye sai ta yi kumfa a jiki, ta kama gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa. Dole ka yi ta yada zango a hanyar tasowa har ta fita ta numfashi. Ke nan duk matsalar da ta same ka, a can ƙasa za ka warware ta, kuma duk horon a kan haka ya ginu.

Ofishin farko da na shiga na likita ne. Cibiyar da na tuntuɓa ta aiko mini da takardar tambayoyin lafiya, ta ce ga ɗalibin tek sai da sa hannun likita da hatimi, ko da duk amsoshinsa a'a ne. Na buga takardar na tafi wani babban asibiti a nan gari da sassafe, na yanki kati, na bi layi har rana ta take. Da na shiga, likitan ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Malam, wanga takarda ban taɓa ganin irinta ba. Mi za ni duba maka?" Na ce, "Likita, huhu da zuciya da kunne su ne kan gaba." Ya zauna ya karanta bayanin da aka rubuta wa likitoci a shafukan ƙarshe, abin da ya burge ni, sannan ya tura ni hoton ƙirji, da gwajin ƙarfin huhu inda ake hura iska cikin bututu, da gwajin bugun zuciya, da awon jini da suga. Shi da kansa ya ƙara gwajin rukunin jini na sikila, kuma ya yi daidai, domin wannan ya fi shafar mu a kan Turawan da suka tsara takardar. Mai sikila ba ya wannan harka. Mai AS kuma ya faɗa wa likitan nutso tun kafin ya biya kuɗi. Haka mai farfaɗiya, da mai asma, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, da wanda tarin fuka ya bar masa tabo. An wanke mini dauɗar kunne ɗaya, na koma washegari na karɓi sakamako, ya sa hannu. Kuɗin duk wannan bai kai a yi maganarsa ba idan aka kwatanta da abin da ke gaba. Takardar shekara ɗaya take aiki, saboda haka kada a yi ta tun tafiya na da nisa.

Takardun tafiya ba su da wani sabon abu ga wanda ya saba fita. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai shiga Masar daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara ƙirguwa sai bayan kwana 10, don haka ba a barin ta sai daren tafiya. Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja na nema, kuma wasiƙar da cibiyar ta rubuta mini mai ɗauke da sunan kwas da ranakunsa ta taimaka wajen bayyana dalilin tafiya. Kafin in tura ko sisi na nemi lambar lasisin cibiyar, domin a Masar akwai hukumar CDWS da ke sa ido kan cibiyoyin nutso. Sai inshora. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta cika ɗaukar nutson da ya wuce mita 30 ko 40 ba. Na yi ta DAN, ƙungiyar da ke inshorar masu nutso, na karanta sharuɗɗan da kyau na tabbatar ta haɗa da nutso mai zango, domin jinya a ɗakin matsin iska, inda ake magance kumfar naitrojin a jiki, tana cin dubban daloli. Farashin komai da Yuro ake faɗa, don haka na je wurin 'yan canji na tanadi takardu sababbi, ban dogara da katin banki kaɗai ba.

Daga Sakkwato na bi mota zuwa Kano, na hau EgyptAir zuwa Alƙahira. Daga can hanya biyu ce zuwa Dahab, garin da na yi horon, a gaɓar Bahar Maliya cikin yankin Sinai. Ko dai ka hau jirgi na kamar awa ɗaya zuwa Sharm el-Sheikh sannan mota ta ƙarasa da kai cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ko ka hau bas ta dare ta bi da kai ta ramin da ke ƙarƙashin mashigin Suwez, tafiyar awa takwas ko tara da shingayen bincike. Idan bas ce, fasfo ya zauna a aljihun gaba. Na zaɓi Dahab ne saboda zurfi yana kusa da gaɓa. Ba ka biyan kuɗin jirgin ruwa kullum, a-kori-kura ce ke kai kaya bakin teku, ka shiga da ƙafarka. Akwai kuma ɗakin matsin iska a garin. Abinci da masallaci ba matsala.

A kwas na farko an ce in yi iyon mita 200 ba tsayawa, in kuma zauna a saman ruwa minti 10. Wannan bai dame ni ba. Inda ɗan gulbi ke shan wahala daban ne. Mu da muka koyi kurme, jikinmu ya saba da riƙe numfashi da zarar kai ya shige ruwa, alhali doka ta farko a nutso da tukunya ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya, wato bar ɗaya. Iskar da ka cika huhu da ita a mita 10, idan ka riƙe ta ka taso, kafin ka iso sama ta ninka biyu, kuma huhu ba ya jure haka. Sai da na yi da gaske kafin jikina ya bar tsohuwar al'ada. Wata 'yar matsala ita ce gashin baki, wanda ke sa ruwa ya riƙa tsiyaya cikin gilashin fuska. Rage shi kaɗan daga ƙarƙashin hanci ya wadatar, gemu ba ruwansa. Kada a shafa basilin, musamman idan an zo matakin oksijin, domin maiƙo da oksijin mai ƙarfi gobara suke haifarwa. Wannan kwas a lokacin tsakanin Yuro 300 da 400 yake. Bayansa na yi na mita 30, da na naitroks, wato iskar da aka ƙara mata oksijin har zuwa kashi 40 cikin ɗari, da na ceton abokin nutso tare da agajin gaggawa. Waɗannan sun zo da sauƙi, kowanne 'yan kwanaki.

Daga nan sai jira mafi tsawo, kuma ba a wani ofis ake yin sa ba. TDI, wadda aka kafa a 1994 kuma ita na bi, tana son ɗalibi ya kai shekara 18, ya kuma nuna aƙalla nutso 25 a rubuce kafin ya shiga kwasa-kwasan nan biyu da ake haɗawa, Advanced Nitrox da Decompression Procedures, wato na iska mai yawan oksijin da na nutso mai zango, waɗanda su ne ke kai mutum ga katin mita 45. Kowane nutso ana rubuta shi a kundi, da kwanan wata da zurfi da mintuna da iskar da aka sha, cibiya ta buga hatimi. Ga mutumin Legas ma wannan aiki ne, balle na Sakkwato. Duk lokacin da kasuwa ta kai ni Alƙahira sai in ware 'yan kwanaki in gangara Dahab in ƙara. A haka abin ya ɗauke ni fiye da shekara, kuma har na wuce adadin da nisa kafin in nemi shiga, bisa shawarar malamin da na zaɓa. A ganina zaɓen malami ya fi zaɓen ƙungiya muhimmanci. Na tambaye shi sau nawa yake irin wannan nutson don kansa ba don koyarwa ba, ɗalibai nawa yake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma ya taɓa hana wani kati? Da ya ce ya sha hanawa, sai hankalina ya kwanta da shi. A can Kyaftin ake ce wa malaman nutso. Ranar da zan biya ya ce mini, "Ɗan'uwa, kuɗin nan na koyarwa ne, ba na kati ba. Idan ba ka kai ba zan faɗa maka." Na ce, "Na yarda, Kyaftin."

Kuɗin kwasa-kwasan biyu a haɗe ya kusa ninka na kwas ɗin farko sau biyu, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A tambaya tun farko me ke cikin farashin. Hayar kaya daban, oksijin daban ana lissafa shi da lita, littafi da rajistar kati daban, ƙarin rana idan ba ka kai ba ita ma daban. Ni an ƙara mini kwanaki a ruwa mara zurfi, na biya, kuma ban ga an cuce ni ba. Wanda zai je ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan abin da aka faɗa masa, ya kuma bar sarari a tikitin komawa.

Kayan tek sun sha bamban da waɗanda na saba. Tukwane biyu ne a baya, kowacce lita 11, an haɗa su da wata gada mai bawul a tsakiya, kowace tukunya da nata bawul da nata regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin iska ta kawo ta baki. Ɗaya daga cikin tiyon shaƙa ya kai mita biyu, shi kake shaƙa da shi kuma shi za ka miƙa wa abokinka idan iskarsa ta yanke. Akwai farantin ƙarfe da jakar iska a baya, tukunya ta uku rataye a gefen hagu mai iskar zango, kwamfutar hannu da madadinta, gilashin fuska na biyu a aljihu, wuƙa, zare da balan-balan mai tsawo da ake aikawa sama don a san inda kake. Kusan komai bibbiyu ne. A tudu nauyin yana tanƙwara mutum, a ruwa sai ya ɓace.

Na zaci za a fara da zurfi. Ashe kwanakin farko duk a mita 6 za mu yi su, a wurin da yara ke wasa a samanmu. Aikin shi ne ka kwanta a miƙe cikin ruwa, gwiwa a lanƙwashe, ba ka taɓa ƙasa, ba ka motsa hannu, ba ka hawa ko sauka fiye da rabin mita, kuma a haka za ka yi duk sauran ayyuka. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne rufe bawul. Za ka miƙa hannun dama ta bayan ƙeya ka lalubo bawul ɗin dama, ka murɗa har ya rufe, ka shanye iskar da ta rage a tiyo har ka ji ta ƙafe a bakinka, ka cire regileta ka sa ta biyun da ke rataye a wuyanka, ka buɗe wanda ka rufe, ka rufe na tsakiya ka buɗe, sannan ka koma na hagu. Duk wannan idonka na kan abokinka da kan zurfin da kwamfuta ke nunawa. Kafaɗata ta yi tsami har sai da na riƙa miƙe ta da tawul kowace safiya bayan sallah. Daƙiƙar nan da iska ke ƙafewa a baki, ko ka san kai ka rufe ta, sai gabanka ya faɗi. Kyaftin yana ɗaukar mu bidiyo, da yamma a zauna a kalla. A cikin ruwa ina jin kamar a miƙe nake sambal, a bidiyo sai in ga ƙafafuna sun zube ƙasa suna tayar da yashi.

Da yamma kuma aji, kuma wanda ke gudun lissafi ya shirya. A mita 45 matsi bar 5.5 ne. Mutumin da ke shan lita 20 a minti a sama, a can lita 110 zai riƙa sha. Tukwane biyu na lita 11 da aka cika bar 200 suna ɗauke da lita 4,400, minti 20 a ƙasa ya cinye 2,200, kuma kashi ɗaya cikin uku ba naka ba ne, na ajiya ne saboda abokinka. Oksijin ma da ke raya mu yana zama guba idan matsinsa ya yi yawa. Iyakar matsin oksijin da ake bi bar 1.4 ce lokacin aiki a ƙasa, 1.6 lokacin zango. Shi ya sa iska mai kashi 50 ba a shaƙarta sai an taso mita 21, zallar oksijin kuma sai a mita 6. Wanda ya ɗauki tiyon kashi 50 a mita 45 ya kai 2.75, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi, regileta ta fita daga bakinsa. Jadawalin zango kuwa tun 1908 John Scott Haldane ya fara tsara shi, kuma yawancin kwamfutocin yau suna bin lissafin Albert Bühlmann na Suwizalan. Duk da kwamfuta, sai mun rubuta tsarin da hannu a allon da ke ɗaure a damtse, har da tsarin ko-ta-kwana idan an zarce da minti biyar, ko an zarce da mita uku, ko tukunyar zango ta lalace.

Akwai wata al'ada da ake yi kowace safiya wadda na ga ita ce zuciyar abin. Ba wanda ke auna maka iskarka. Za ka ɗauki na'urar awo ka daidaita ta da iskar waje har ta nuna 20.9, ka buɗe bawul kaɗan ka kanga ta, ka jira lamba ta tsaya. Sai ka yanki salatif ka manna a tukunya, ka rubuta abin da ka gani, da iyakar zurfin da za a shaƙe ta da manyan lambobi, da sunanka da kwanan wata, ka sa hannu a littafin cibiya. Wata safiya wani Bajamushe da muke tare ya ce ai tukunyar jiya ce, an riga an auna. Kyaftin bai ce masa uffan ba, ya dai miƙa masa na'urar ya tsaya yana kallonsa.

Ƙa'ida ta ce nutso shida ne mafi ƙaranci idan an haɗa kwasa-kwasan biyu, kuma zurfin yana ƙaruwa a hankali. A kowanne sai Kyaftin ya ƙirƙiro matsala ba sanarwa. Ya saki kumfa a bayan kunnenka ka gano wane bawul za ka rufe, ko ya nuna maka alamar iskarsa ta ƙare, ko ya karɓe gilashin fuskarka a zango ka ci gaba da riƙe zurfi ido a rufe har ka ciro na aljihu. A mita 45 na ji abin da ake faɗa game da mayen naitrojin, wanda ke fara bayyana tun wajen mita 30. Ba jiri ba ne kuma ba tsoro ba. Kamar a tashe ka daga barci lokacin sahur a ce ka yi lissafin bashi: ka san amsar tana nan, amma sai ka lallaɓo ta. Na kalli gejin da ke nuna sauran iska na karanta lamba, na mayar da shi, sai na ga ban riƙe abin da na karanta ba. Saboda irin haka ake maimaita komai a mita 6 har hannu ya riƙa yi da kansa. Da lokaci ya cika muka taso a hankali, kamar mita 9 a minti. A mita 21 kowa ya nuna wa abokinsa rubutun tukunyarsa, ya bi tiyo da hannu daga bawul har baki, abokin ya duba zurfi ya ba da alamar amincewa, sannan aka sauya iska, aka sauya a kwamfuta. Daga nan zango kowace mita uku, mafi tsawo a mita 6. Mintunan zangon sun kusa kai waɗanda muka yi a ƙasa. Ruwan Dahab da hunturu yana sauka wajen digiri 21 ko 22, kuma ga wanda ya tashi a zafin Sakkwato, zama ba motsi a cikinsa ba wasa ba ne. Haƙorana har kaɗawa suke a kan regileta. Mai zuwa ya nemi riga mai kauri da hula, ko ya je da zafi.

Jarrabawar rubutu kashi 80 ake son a ci, kuma duk tambayar da ka faɗi sai an zauna an warware ta da kai. Da muka gama Kyaftin ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ya ce na wuce, amma in yi ta maimaita mita 40 da gajeren zango kafin in riƙa cika iyakar katin. Ɗaya daga cikinmu an ce ya dawo wani lokaci, kuma da ganin fuskarsa ka san ya ji zafi. Katin ta intanet ya fara zuwa, cikin 'yan kwanaki ya bayyana a shafin ƙungiyar, na ajiye hotonsa a waya. Kafin mu watse ya kai mu Blue Hole, ramin da ya wuce mita 100, inda aka manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a jikin dutse. Da yawansu wata kafa mai siffar baka da ke wajen mita 55 a ƙasa suka nufa da tukunya ɗaya. Katinmu bai kai can ba, kuma ya tabbatar mun ji haka da kunnenmu.

Akwai jira na ƙarshe da mutane ke mantawa da shi. Bayan nutso mai zango ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 24. Hawan dutse ma haka. Musulmi da yawa idan sun je Sinai suna son ziyartar Dutsen Ɗuri Sina, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285, kuma masu shirya yawo suna tallar tafiyar dare daga Dahab. A yi ziyarar kafin a fara nutso, ko bayan an cika awannin. Kada kuma a sa kwas ɗin cikin azumi, domin iskar tukunya busasshiya ce, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfa.

Matakin da ke gaba shi ne tiraimiks, inda ake zuba iskar hiliyom don rage mayen naitrojin. Katin farko mita 60 ne kuma sai da nutso 100 a kundi, na gaba ya kai mita 100. Hiliyom da lita ake sayar da shi kuma yana da tsada ƙwarai. Na tambayi farashi, na dubi abin da zan yi da shi a gida, na dakata.

Domin da na dawo ne na auna katin da ruwanmu. Bangon madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tsayinsa wajen mita 21 ne, ke nan ba zurfi ne matsalarmu ba. Matsalarmu duhu ne. A Bahar Maliya kana hango mita 20 ko 30, a Rima da damina ba ka ganin tafin hannunka. Ga igiyar ruwa, ga tsofaffin komaye da ƙugiyoyi, ga itatuwan da suka nutse, ga ƙofofin madatsa da ke zuƙe mutum su manne shi idan an buɗe, ga tsargiya. Na kai wa wani dattijon masunci ziyara na nuna masa kayan a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, in koma ta riƙe wanga tukunya ta bayanka, wa ka kwance ka?" Na ce, "Baba, shi ya sa ba a shiga sai da igiya da mutum a sama." Ya ce to wannan ya yi. Tambayarsa ita ce ainihin abin da horon ceto ke koyarwa, kuma kwas ne daban, irin wanda ƙungiyar horon ceto ta ERDI ke bayarwa, da igiya da mai riƙe ta da wani mai nutso zaune cikin shiri. Aikin kamfanonin mai shi ma makaranta ce daban ta watanni, da hular ƙarfe da iska daga sama, kuma takardun da IMCA, ƙungiyar kamfanonin aikin teku ta duniya, ta amince da su ake nema. Katin tek ba ya buɗe ko ɗaya daga ƙofofin nan biyu. Wanda burinsa aiki ne ko ceto, ya yi katunan farko da na ceton aboki, daga nan ya karkata kuɗinsa can, kada ya biyo hanyata.

Sauran abin da zan ƙara na kayan aiki ne. Ba a hawa jirgin sama da tukunya cike, kuma samun tukunyar ma ba shi ne wahala ba, cika ta ne. Injin mai faci ba ya kai bar 200, kuma iskarsa na ɗauke da mai da hayaƙi, wanda a ƙarƙashin matsi kisa yake. Ana bukatar kwamfuresa ta iskar shaƙa mai matatai, a ajiye ta nesa da hayaƙin janareta. Oksijin 'yan walda ba na shaƙa ba ne. Ɗakin matsin iska ba ya kusa da mu, don haka ni ba na yin nutso mai zango a gida ko kaɗan. Madatsa kuma ba a shiga sai da izinin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, tare da tabbacin an rufe ƙofofi. A halin yanzu mu 'yan kaɗan ne muke haɗa kuɗin kwamfuresa, ni kuma ina neman gurbin kwas ɗin ceto a tafiyata ta gaba, bayan Sallah.